Shekarar da Na Ɗebi Tekun Kawu Bawa

Abin da na fara lura da shi ranar da na iso gidan Kawu Bawa a Zuru, kiyashi ne. Ina durƙushe a bakin ƙofar falo ina gaisuwa, kaina a ƙasa kamar yadda aka koya mini, sai idona ya sauka kan wani ɗigon ruwa a siminti, ga layin kiyashi ya taho daga gindin bango. Bazara ce ta nuna sosai, irin wadda ko ruwan wanke hannu aka watsar sai ƙwari sun yanyame wurin kafin ƙasa ta shanye. Amma da waɗannan suka iso bakin ɗigon, na gaba ya taɓa shi ya ja da baya, layin gaba ɗaya ya karkace, ya zagaye ya wuce. Ban taɓa ganin kiyashi ya ƙi ruwa ba. Sau biyu Kawu yana tambayata mutanen gida ban ji ba.

Ku 'ya'yana kun sha ji a taron dangi ana tsokanata, wai uwarku ta taɓa satar teku da kofi. Ana faɗi ana dariya, ni ma nakan yi. Amma kowa da yadda yake ba da labarin, har akwai masu cewa wasa nake yi da ruwan aka kama ni. Shi ya sa na ga gara in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina iya tuna ƙananan abubuwan da ke ciki.

Shekarata goma sha uku a lokacin. An rufe makarantarmu a wajen Kanya saboda hanya ba lafiya, sai mahaifiyata ta tura ni wurin ƙanenta in ci gaba da karatu. A ƙasarmu da wuya ka shiga gida ka rasa soja, amma kusan duk na ƙasa ne. Kawu kaɗai a danginmu ya shiga sojan ruwa. Bai fi mako biyu da dawowa daga Legas ba bayan ya yi ritaya. Abokansa da suka ajiye aiki, wani ya dawo da mota, wani da injin niƙa. Shi kuwa ya dawo da akwatin gilashi naɗe cikin katifa, da jarkoki, da bokitin wani gishiri na musamman, da duwatsu jiƙe cikin ruwa, da wata halitta a cikin leda wadda ya rungume a cinyarsa kwana biyu a mota.

Da na ɗaga kai, akwatin na fara gani. Tsawonsa ya kai in miƙe hannuwana biyu. Wata fitila mai shuɗin haske tana samansa, ruwan yana motsi shi kaɗai ba tare da kowa ya taɓa ba, duwatsun ciki duk ramuka ne kamar gidan gara. A kan ɗaya daga cikinsu akwai wani abu a kwance, bai fi rabin lemo ba, fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, da wasu zaruruwa yamutsattsu a gefensa, da rami a tsakiya a wangale.

"Kin gan ta?" in ji Kawu.

Na gyaɗa kai.

"Mi kika gani?"

Na daɗe ina neman abin da zan ce wanda ba zai ɓata masa rai ba, ban samu ba. Na ce, "Kamar hanjin kaza, Kawu."

Matarsa, Mama Ladi, tana bakin murhu ta ji. Sai da ta ajiye muciya don dariya.

"Baban Dauda, ka samu wadda ba ta iya ƙarya ba. Sannu da zuwa, ɗiyata. Zo ki sha ruwa, na gaske, ba irin na kawunki ba."

Kawu bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya jawo kujera ya zaunar da ni a gaban gilashin. Ya ce Turawa suna kiranta anemoni. Wanda bai sani ba zai ce fure ce, amma dabba ce, ramin nan bakinta ne, tana ci, tana da ƙafa ɗaya mai faɗi da take manne dutse da ita, in wuri bai yi mata ba takan saki ta koma wani. Ya ce wahalar hanya ce da baƙunta suka mai da ita haka, in ta sami lafiya takan buɗe ta fi farantin tuwo. Sai ya ba ni labarin da daga baya na gane kowa a danginmu ya gaji da ji. Yana saurayi an tura su horo wata ƙasa mai nisa, aka ɗaura masa tulun iska a baya ya nutse, ya tarar da ƙasan teku cike da irinsu, kore da ja da ruwan goro, suna kaɗawa kamar gonar dawa in iska ta taso. Ya ce ya manta da umarnin da aka ba shi, sai da aka ja igiyarsa. Tun daga nan duk hutun da ya zo gida sai ya faɗi, kuma mahaifiyata ce kan gaba wajen cewa, "Bawa, ruwa ya shiga kanka."

"Mutum ɗaya nake so," in ji shi. "Mutum ɗaya daga gidanmu ya gani da idonsa. Shi ke nan."

Ya ce in buɗe hannu. Ya tsoma yatsa ya ɗiga mini ruwan a tafi, ya ce in lasa. Gishiri ne, amma ba irin na miya ba, akwai wani ɗanɗano a bayansa kamar ƙarfe, kamar warin da ƙasa take yi kafin ruwan fari. Na riƙe shi a bakina ban haɗiye ba. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi kogin da muke wanki ba, ga shi an ce teku ce a kan harshena.

Aikina a gidan shara da wanke-wanke, sai Kawu ya ƙara mini goge gilashin da tsumma mai laushi safe da yamma. Mama Ladi ta raɗa wa halittar suna Baƙuwa, sunan ya bi ta. Sola ɗaya ce a gidan, kuma Baƙuwa ce ke cin ta: injin da ke juya ruwa, da fitila, da ƙaramar fanka da ke hura saman ruwan don ya yi sanyi. Da rana in zafi ya yi tsanani Kawu yakan sayo ledar ruwa mai ƙanƙara ya saka a ciki ba tare da ya fasa ba, tana yawo a sama har ta narke. Mama Ladi tana zaune a baranda da mafici tana cewa, "Kyaftin, in Baƙuwa ta gama da fankar a ara wa 'yan gida." Kawu ya manna wani jan zare a jikin gilashin, daidai inda ruwa ya kamata ya tsaya. Kullum da safe ruwan ya sauka ƙasa da zaren kamar faɗin yatsa, fanka da zafi sun kwashe. Sai ya ɗauko jarkar da ya haɗa ruwan teku a ciki, gishiri gwargwadon awon da aka koya masa, ya cika har zare. Akwai wani gilashin awo da ake sakawa a ruwa ya nuna yawan gishiri, amma ya fashe a ramukan hanyar Kwantagora. Mutumin da ya sayar masa da Baƙuwa a Legas kuwa ya riga ya gaya masa cewa akwatin sabo ne, garin kuma da zafi, ba za ta yi wata ɗaya ba. Saboda wannan maganar Kawu ya ƙi kiransa.

Ni ce na fi kowa kallonta, domin goge gilashi aiki ne da ba a hanzarta shi. Na san inda inuwar dutse take kaiwa jikinta da safe. Na san akwai zare ɗaya daga gefen hagu da ya fi sauran tsawo, wanda wani lokaci yakan ɗan ɗaga kai kamar mai sauraro sannan ya kwanta. Na ga ranar da Kawu ya yanko kifi mai ƙanƙara ƙanƙani kamar ƙwayar gero, ya ɗora mata da tsinke, naman ya zauna a jikinta, ruwa ya ɗauke shi ya tafi da shi, ba ta ko riƙe ba. Ya ce mai lafiya in abu ya taɓa ta sai ya manne. Kwana suna tafiya tana ƙanƙancewa, daga rabin lemo ta koma kamar goro, bakin yana ƙara wangalewa har ana ganin wani farin abu a ciki. Kawu ya sauya mata wurin fitila, ya juya dutsen, ya ƙara ƙanƙara. Ya daina zuwa hira wurin tsofaffin sojoji a ƙarƙashin dalbejiya, domin sun fara tambayarsa ko furen nasa ya yi 'ya'ya. Kowace safiya yakan sunkuya ya shinshina saman ruwan, don an ce masa in ta mutu wari ne zai fara faɗa.

Wata rana ina goge gefen sama, inda wani farin ɓawo yake taruwa, ruwa ya fallatso mini a leɓe. Na lasa ba da niyya ba. Sai da na runtse ido. Ba wannan ne ruwan da aka ɗiga mini a tafi ranar da na zo ba. Wannan yana da ɗaci, yana cizon harshe. Na ce ko bakina ne. Na ajiye abin a raina ban san inda zan sa shi ba.

Kwana biyu bayan haka Mama Ladi ta bar miyar kuka a kan garwashi ta tafi gaisuwar rasuwa a maƙwabta, ta daɗe. Da ta dawo ta ɗiga a tafin hannu ta lasa, ta yamutsa fuska.

"Ta ƙafe, gishiri ya fito. Saratu, miƙo mini ruwan zafi."

"Mama, kin ƙara gishiri ne?"

"Wane gishiri? Wanda na sa da farko ne. Ruwa ya tafi ya bar shi. Shi gishiri ba ya bin tururi."

Na miƙa mata ruwan. Washegari kafin in tafi makaranta na ɗebi ruwan akwatin a murfin gwangwani na ɗora kan katangar bayan gida. Da na dawo babu ruwa ko kaɗan, sai farin gishiri kwance a murfin, ƙananan ƙwayoyi masu kusurwa huɗu, suna ƙyalli. Na tsaya a rana ina kallonsu har ƙafata ta fara ƙuna. Ruwan da fanka take kwashewa kullum, shi kaɗai yake tafiya. Gishirinsa yana nan a ciki. Kawu kuma kowace safiya yana zuba wani gishirin a kai.

Ya kamata ku san irin yarinyar da nake a lokacin, in ba haka ba ba za ku gane abin da na yi ba. A aji in malam ya kira sunana, amsar tana bakina amma muryar ba ta fita. Hausar ma ba na sakewa da ita a gaban manya, a gida yarenmu muke yi, Kawu kuwa ya daɗe a bariki har ya fi sabawa da Hausa da Turanci. Sau uku ina zuwa bayansa da murfin a ɓoye cikin zanina. Na farko ya juyo ya ce, "Mi ne ne?" na ce ba komai. Na biyu na tambaye shi ko in kawo masa ruwan wanka. Na uku ban ma ƙarasa ba. Mutumin da ya yi shekara talatin a kan teku, ni 'yar ƙauye da ta lasa sau biyu zan ce masa bai san ruwanta ba? Na kasa gaya wa Mama Ladi ma, don na san dariya za ta yi ta kai masa maganar a gaban kowa.

Sai na yi abin da ya fi mini sauƙi, wanda ba shi ne daidai ba. Kullum Mama Ladi takan ba ni ledar ruwa biyu in tafi da su makaranta. Na daina sha. Da sassafe in na shiga shara, Kawu yana bayan gida yana aski, sai in fasa ɗaya in tsiyaya a hankali ta inda injin yake juya ruwa, don ya tarar da ruwan kusa da zare ya rage abin da zai zuba. Ɗayar in dawo da ita a jaka. Bayan azahar in ya kishingiɗa, sai in ɗebi kofi ɗaya daga akwatin in kai bayan gida in zubar, in mayar da ruwan leda a madadinsa. A makaranta leɓena yakan tsage, harshena ya yi nauyi, ledar tana cikin jaka ina jin sanyinta a cinyata. Wata rana a filin taro idona ya yi duhu sai da na dafa ta gabana. Kada ku ɗauka wayo ne. Ban san cewa da na zuba da yawa lokaci ɗaya da na kashe ta a take ba. Ƙanƙantar kofina ce ta cece ni.

A rana ta biyar na juyo da kofin cike a hannuna, sai ga Kawu tsaye a ƙofa. Ashe tun kwana biyu ya lura ruwa ya daina sauka yadda ya saba, ya kuma ga farin tabo a ƙasa bayan gida inda nake zubarwa.

"Ajiye," in ji shi. Bai ɗaga murya ba. "Tun yaushe?"

"Kwana biyar."

"Mi kike zuba mata?"

Na nuna ledar da ke kan tebur. Ya dube ta, ya dubi Baƙuwa da ta koma kamar ƙullin tsumma, na ga jijiyar wuyansa tana motsi.

"Ruwan sha. Na ɗauko ta daga Legas a cinyata, ke kina ba ta ruwan sha. Wa ya aike ki?"

Mama Ladi ta shigo da hannu duk gari. Na zaro murfin gwangwanin daga ƙugu na ɗora a tebur, gishirin yana nan manne. Da ƙyar, rabi da Hausa rabi da yarenmu, na ce daga akwatin na ɗiba, rana ta sha ruwan ta bar wannan, kamar miyar Mama ta kwanakin baya. Mama Ladi ta dubi murfin ta daɗe. Sai ta goge hannu a zani, ta ɗauko cokali.

"Baban Dauda, buɗe mini jarkarka."

"Ladi, wannan ba maganar kicin ba ce."

"Maganar gishiri ce. Shekara nawa kana cin nawa, ka taɓa mayar da kwano? Buɗe."

Ya buɗe. Ta ɗiga na jarkar a tafin hannu ta lasa, ta ɗan jira. Ta kuskure baki, ta wanke hannu, ta ɗiga na akwatin ta lasa. Nan take ta juya ta tofar ta taga.

"Na jarka miya ce da hannu ya zarce, mai yunwa zai ci. Wannan kuwa ko karen maƙwabcinmu Baban Audu ba zai kalla ba. Kuma ka ce kwana biyar ana sirka shi?"

Kawu ya lasa da kansa, wannan sannan wancan. Ya tsaya. Amma bai sauka ba tukuna.

"Shekara talatin ina kan teku," in ji shi. "Zafin ranar can bai fi na nan sauƙi ba. Ban taɓa ganin wanda ya zo da leda yana ƙara mata ruwan sha ba."

Har yau ban san inda na samo muryar ba. Kaina a ƙasa na ce, "Kawu, a can ba a ruwan sama?"

Injin yana ta gurnaninsa. Kawu ya lalubi kujera ya zauna.

"Ana yi," in ji shi can. "Ana yin wanda daga kan jirgi ba ka ganin hancinsa." Ya shafa kai. "Kogin Kwara ma can yake juyewa. Da idona na ga bakinsa, ruwan ja yana shiga shuɗi."

Na ɗauka shi ke nan na tsira. Amma da ya ɗago ya dube ni, fuskarsa ba ta saki ba. Ya ce a jirgi in mutum ya ga ruwa yana shigowa ya yi shiru ya tsaya toshewa shi kaɗai, ko ya toshe daidai sai an hukunta shi, domin rayukan da ke ciki ba nasa kaɗai ba ne. Ya ce kwana biyar na bar shi yana zuba gishiri da safe ina kwashewa da rana, Baƙuwa tana tsakiya ana ja da ita. Ya ce da na buɗe baki tun ranar murfin, da an rage mata wahalar kwana biyar. Hukuncina shi ne ba zan sake shiga falon ba sai ya kira ni. Mama Ladi ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. Da ya doke ni da ya fi mini sauƙi.

Da yammar nan ya tsaya ƙarƙashin mangwaro ya kira mutumin Legas. Ina wanke-wanke ina jin rabin maganar, yawanci "to" da "na ji". Mutumin ya ce masa daga yau abin da rana ta ɗauka da ruwan sha mai tsabta ake mayarwa, gishirin da ya taru kuma a rage shi kaɗan-kaɗan cikin kwanaki. Ya ce kada a ba ta abinci, kada a taɓa ta, kada a sake juya dutse ko fitila, a ƙyale ta kawai. Ya ce zai aiko da sabon gilashin awo ta hannun direban babbar mota. Bai yi alkawarin za ta rayu ba.

Kwana tara na yi a waje. Ina share baranda in tsaya daidai ƙofa, ba na ganin komai sai shuɗin haske a bango yana rawa. Mama Ladi ce ke kawo mini labari, ita kuma ba ta iya sassauta magana ba. Rana ta biyu ta ce, "Ta saki dutsen, tana birgima a ƙasa." Rana ta huɗu ta ce, "Ta shige bayan duwatsu, ba a ganinta. Kawunki ya hana kansa ɗaga dutsen, sai zagaye yake yi kamar mai jiran haihuwa." Da safe ina jin takunsa ya nufi akwatin, sai shiru, na san ya sunkuya yana shinshinawa, ni ma sai in riƙe numfashi har in ji ya ja kujera. A coci ranar Lahadi na rasa yadda ake roƙo don abin da ban san ko yana ji ko yana gani ba. Na ce kawai, Kai ka yi ta, ka san inda ke mata ciwo. Abin da ya fi damuna, in ta mutu ba zan taɓa sanin ko gishirin Kawu ne ko kofina ba, shi kuma ba zai sami mutum ɗayan nan da yake nema ba.

Launinta bai dawo sosai ba sai bayan damina, ta kuma yi shekaru a gidan har ta rabu biyu, yadda irinsu ke hayayyafa. Amma ba wannan nake so ku riƙe ba. Safiyar Litinin nake so ku riƙe. Na sa kayan makaranta, ina ɗaura takalmi a baranda, sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Saratu. Ajiye jakar. Taho a hankali."

Na shiga. Bai daɗe da kunna fitilar ba. Ta fito daga bayan duwatsu da kanta, ta zaɓi wani rami a gefen dama, ta cusa ƙafarta a ciki ta riƙe gam. Bakin ya rufe, ya zama ɗan tsaga kamar idon mai barci. Ina tsaye na ga jikinta yana shan ruwa yana kumbura, a hankali ƙwarai, sai ka kawar da ido ka dawo sannan ka san ta ƙaru. Zaruruwan nan da na sani a yamutse suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana cika, kusa da bakinsa ya yi ƙululu kamar ɗan tulu, a can ƙarshe ɗigon ja. Haske yana ratsa su. A cikin farin akwai wani kore siriri da ban taɓa gani a ganye ko a atamfa ba, kamar daga cikinta yake fitowa. Ruwa ya bi ta kansu suka kwanta gefe ɗaya gaba ɗaya, ya dawo suka tashi. Na nemi dogon nan na gefen hagu na same shi, ya fi kowa miƙewa. Wani ɗan ɓurɓushi da ke yawo a ruwa ya taɓa shi, ya manne, zaren ya lanƙwaso a hankali ya kai shi baki. Ba ta da ido, ba ta da ƙashi, ba ta san akwai wani gari Zuru ba, ga ta tana karyawa a falon kawuna. Na tuna ya ce ya ga gona guda ta irinta, sai na durƙusa a gaban gilashin.

"Kin gani?" in ji Kawu.

"Na gani."

"Hanjin kaza ne?"

"A'a, Kawu."

"In kin je hutu, ki faɗa wa uwarki. Ni na gaji. Ke ki faɗa mata."

Muryarsa ba ta fita daidai ba, ban juya na dube shi ba. Mama Ladi tana bakin ƙofa da ludayi a hannu, tana leƙen gilashin. Daga waje na ji 'yan layinmu suna wucewa, wata tana kiran sunana, can kuma aka buga ƙarfen makaranta na farko. A gidan Kawu makara babban laifi ne, ya taɓa mayar da baƙo daga ƙofa don ya wuce lokacin da suka yi. Ya dubi agogon hannunsa. Baƙuwa kuwa ko rabin buɗewa ba ta yi ba, akwai zaruruwa a ƙasa da ba su motsa ba tukuna. Tun da na zo gidan ban taɓa roƙon kowa komai ba, ko ƙarin tuwo.

Na ce, "Kawu, don Allah a bar ni in makara yau."